Takarar Malam Othniel Shi Kaɗai

Allah ya yi wa Samaru baiwa biyu: jami'a da Malam Othniel. Jami'ar ma takan tafi hutu. Bakin Malam bai taɓa zuwa ba. Tsohon malamin Turanci ne, mai gidan haya ɗaki tara da famfo ɗaya da ba ya zuba. 'Yan layi suna kiransa Ƙamus, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Da aka buɗe takarar shugaban ƙungiyar masu gidaje, shi kaɗai ya fito. Sauran sun san aikin bai wuce yashe kwata da raba faɗan shara ba. Malam kujera mai hannu ya hango, da lasifika.

A rumfar Mama Winifred mai ƙosai ya buɗe aji ba tare da kowa ya roƙe shi ba.

"Wannan shi Bature ke kira walkover. Ku saurara ku ƙaru. Asalin kalmar filin sukuwa ne a Ingila, inda ake caca a kan dawaki. In doki ya fito babu abokin karawa, ba ya gudu. Takawa yake yi sannu a hankali har ƙarshen fili, a miƙa wa mai shi kyauta, 'yan caca su watse ba abin kallo. To, ni ne dokin nan."

Mama Winifred ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ita ba ta musa ba.

Tunda babu abokin hamayya, Malam ya ga neman ƙuri'a zubar da girma ne. Aka yi rasuwa a gidan maƙwabcinsa Felix, bai leƙa ba. Gaisuwa ma da gira ya koma amsawa. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Ya hau keke har unguwar PZ, ya sa Obi mai buga takardu ya buga masa kati ɗari biyar, da "Shugaba" cikin ruwan zinariya. Obi ya tambaya ko an riga an yi zaɓen. Malam ya ɗauko masa darasin doki tun daga Ingila, har masu jiran layi suka gaji suka tafi.

Ranar zaɓe ya iso cikin babbar riga mai sitaci, da jawabin godiya shafi shida. Bernard, sakataren ƙungiya, ya karanta doka ta bakwai, wadda Malam da kansa ya taɓa gyara wa Turanci: ko ɗan takara shi kaɗai ne, sai an kaɗa masa e ko a'a.

Aka ƙirga. A'a, talatin da ɗaya. E, ɗaya. Matarsa Happiness, wadda ita ma ta jefa ƙuri'a, ta duƙufa gyaran ɗankwali.

Malam ya miƙe ya ce wannan ya saɓa wa ma'anar kalmar walkover. Bernard ya ce kalmar ba ta da gida a layin, don haka ba ta da ƙuri'a.

Samaru ta ga faɗuwar zaɓe iri-iri. Amma mutum ya yi tsere shi kaɗai ya zo na biyu, wannan sai Malam Othniel.