Ɗan Leƙen Asiri a Ajina

Shekarar da na ajiye dosiye, wato takardun neman digirin mastar a fannin koyar da yara kurame, ban yarda da kowa ba a lakwal, makarantarmu ta Buza. Gurbi ɗaya ne, mu biyu muke nema, ni da wani malami, Mushe Idi. A dosiyen na rubuta cewa na ƙware a maganar hannu, alhali kwana huɗu kawai na yi ina kallonta a salula.

Wata safiya wani baƙo ya shigo ajina ba sallama. Ya zauna a baya, ya buɗe kaye, littafin rubutu, yana rubuce-rubuce. Nan take na gano shi: Idi ne ya turo shi ya tattara kurakuraina. Can sai ya ɗaga hannu yana murza yatsu, ga taga a buɗe. Ashe har da mutanensa a waje!

Na ce, "Malam, mi kaka nema nan?" Shiru. Na ɗaga murya. Ya yi murmushi, ya ƙara murza yatsun. Na fizge kayen, na tasa shi gaba har wurin darakta, ina huci.

Darakta ya karanta takardar da baƙon ya miƙa masa, ya dafe kai. "Mushe, wanga malamin jami'a na, kuma kurma na. Ya zo gwada maganar hannunka. Tun ɗazu gaishe ka shika yi."

Idi ne ya samu gurbin, ya tafi Yamai karatu. Ni kuwa har yau ba mai ce mini ina kwana a lakwal. Hannu suke ɗaga mini, har mai gadi, sannan wani ya ce, "Mushe, a kira jandarma?"