Rasuwar Gwamna, Murhun Gidan Tarver

Da zuciya cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Mama Vernice Tarver ta unguwar bayan layin dogo a garin Pell Creek, jihar Texas, tare da 'yarta Odessa, suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta, 'yan coci da duk wanda ya taɓa lasar yatsa a filin ajiye motoci na jami'a, rasuwar Gwamna, murhun gashin naman gidansu. Ya cika ranar Asabar da ta wuce da hantsi, a tsakar gida, bayan doguwar jinya. Ya rasu yana da shekara ashirin da ɗoriya, da wuta a cikinsa.

Marigayin asalinsa tankin gas ne da aka yar a bayan wata gona. Mijin Mama Vernice, Cleophus Tarver mai walda, wanda duk gari ke kira Baba Cleo, shi ya tsinto shi, ya yanka masa murfi, ya dasa masa bututun hayaƙi, ya ɗora shi kan tayoyi biyu. Ranar da ya jawo shi gida, Vernice ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙugu.

"Cleo, wannan mummunan abu ne zai zauna min a tsakar gida?"

"Rage murya, Vee, Gwamna ne fa," in ji shi. "In ya zauna ba ya tashi, kuma ba ya aiki sai an ciyar da shi."

Sunan da ya bi shi ke nan har ƙarshen ransa.

Waɗanda suka yi hulɗa da marigayi sun shaide shi da haƙuri. Ba ya gaggawa, ba kuma a sa shi gaggawa. Duk Asabar da 'yan ƙwallon jami'a ke wasa a gida, tun asuba ake ɗaura shi a bayan mota a kai shi filin ajiye motoci, ya wuni yana dafa ƙirjin saniya da haƙarƙari da kaji a hankali, har nama ya saki ƙashi don kansa. Bai taɓa tambayar mai jin yunwa ƙungiyar da yake goyon baya ba. Ko magoya bayan abokan hamayya in suka zo da rigunansu masu ban haushi, sai Baba Cleo ya yi musu tsiya son ransa, sannan ya cika musu faranti. Marigayi ba mai yawan magana ba ne. In an ɗaga murfinsa ya ce ƙiii, in kitse ya ɗiga a garwashi ya ce tsuu, in yamma ta yi yana hucewa sai a ji shi yana ƙas, ƙas, kamar tsoho mai gyara zama.

A gindinsa ne gidan Tarver suka yi ɗa. Marquell Broussard ya zo jami'ar daga Louisiana da tallafin karatu na 'yan ƙwallo, irin ƙwallon Amurka ta ture-ture da gwara kai. Ƙato ne cikin ƙattin da ke tare gaba, amma ga kunya kamar baƙuwar amarya. Vernice ta gan shi wata Asabar bayan wasa yana tsaye nesa yana shaƙar hayaƙi, 'yan uwansa 'yan wasa kowa ya tafi wurin iyayensa. Ta yafuto shi. Daga ranar ya zama ɗan gida, shi ke faskaren itace, shi ke cinye abin da ya rage, yana kiranta Mama, yana kiran Odessa Anti.

Ciwon ajalin marigayi ya samo asali a shekarar annobar korona, duk da lokacin ba wanda ya lura. Da bazarar shekarar gari ya rabu biyu a kan tambaya ɗaya, a buga ƙwallo bana ko kada a buga. An yi musun a shagon aski, an yi a rediyo, an yi a gidan Tarver. Odessa ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu cutar, don haka ta daina shiga ɗakin iyayenta. Takan tsaya a tsakar gida kusa da Gwamna da takunkumi a fuska, su kuma suna kan baranda.

"Baba, 'ya'yan mutane ne fa," in ji ta wata rana. "A ce su yi ta gwara kai suna hura wa juna numfashi a fuska, don kawai mu ji daɗin Asabar?"

"Ke dai kin cika tsoro, tun kina yarinya haka kike," in ji Baba Cleo. "Wannan ce shekarar Marquell ta ƙarshe. In bai buga ba, wa zai gan shi har manyan ƙungiyoyi su ɗauke shi?"

"Ni dai na san waɗanda nake gani ana shigo mana da su."

Marquell yana zaune kan kututturen faskare, kansa a ƙasa. Sai ya ce, "Anti, in aka rufe, gida za a kora mu. A gidanmu cunkushe muke, mahaifiyata kullum tana kanti tana karɓar kuɗin mutane hannu da hannu. A nan ko ba komai ana gwada mu a kai a kai. Ki gaya min inda ya fi, wallahi sai in bi."

Vernice ta dubi 'yarta da shatin takunkumi ya yi wa gurbi a hanci, ta dubi yaron, ta ga duk su biyun gaskiya suke faɗa, sai ta tashi ta shiga ɗauko musu shayi mai ƙanƙara.

Da farko hukumar wasanni ta ce an ɗage wasanni. Baba Cleo ya yi kwanaki ba ya yi wa kowa magana. Daga baya aka sake shawara aka ce a buga, amma 'yan kallo kaɗan za a bari su shiga, kuma ba gashi a filin ajiye motoci. Karo na farko a rayuwarsa Gwamna ya yi Asabar ɗin wasa a gida, a rufe da tamfol, mai shi yana zaune kusa da shi da rediyo a kunne.

A watan Nuwamba yaran suka doke tsofaffin abokan hamayyarsu, abin da aka yi shekaru ana nema. Mai sharhi a rediyo ya yi ta kiran sunan Marquell. Washegari Baba Cleo ya yaye tamfol.

"Ta kan shinge kawai zan miƙa musu, Vee. Kowa ya karɓi ƙunshinsa ya wuce."

Yara 'yan kaɗan suka zo bayan an tashi coci. Miƙawa ta kan shinge ta zama tsayuwa, tsayuwa ta zama zama. Takunkumi ya sauka zuwa haɓa, don ba a cin haƙarƙari da rufaffen baki. Baba Cleo ya rungume Marquell yana bubbuga masa baya yana cewa, "Ɗana, ka fitar da ni kunya!" Vernice tana tsaye tana yanka burodi, tana dariya har da hawaye. A duk shekarar nan ba ta yi wuni mai daɗin wannan ba, kuma har yau in ta tuna daɗin ne ke fara zuwa mata kafin sauran.

Cikin makon aka gwada 'yan wasa aka sami da dama da cutar, har da Marquell. Aka soke wasa na gaba. Shi ya yi ɗan zazzaɓi ya miƙe. Baba Cleo kuwa ya fara tari. Iyalan suna so a sani cewa a wannan makon ya je shagon aski, ya je taron dattawan coci, ya shiga kantin kayan ƙarfe. Odessa da bakinta, ita da ta san aikin, ta ce ba mahaluƙin da zai iya nuna inda ya ɗauko ta. An kwantar da shi a asibitin da take aiki, aka sa masa na'urar numfashi. Ba a bar Vernice ta shiga ba. Odessa ce ta kara masa waya a kunne, uwarta ta yi masa magana daga kicin. Ya rasu kafin Kirsimeti.

An binne shi da mutum goma, kowa a tsaye nesa da ɗan uwansa. Ba a yi waƙa ba, ba a rungumi kowa ba. Mutumin da ya ciyar da rabin gari aka sa shi a ƙasa ba a raba ko faranti ɗaya ba. Vernice ba ta yi kuka a maƙabarta ba. Ta dawo gida ta wanke kofunan da ba su da datti.

Al'adar Baba Cleo ce kashegarin kowane gashi ya kwashe toka ya shafe cikin murhun da mai. Tokar wannan Lahadin ce ya ce zai kwashe in jikinsa ya yi daɗi. Tana nan ba a kwashe ba. Vernice ta kasa taɓa ta, ta kasa ko mayar da tamfol. Ruwa ya sauka a kai, ƙanƙarar watan Fabrairu ta sauka a kai, jiƙaƙƙiyar toka kuwa cin ƙarfe take yi a ɓoye. Ta tagar kicin takan hango Gwamna yana yin ja a hankali. Bai yi ƙorafi ba.

Bana filin wasa ya sake cika. Ranar Asabar da ta wuce, tana shanya, sai iska ta kawo mata kiɗan 'yan badujalar jami'a. Ta tsaya da rigar wanki a hannu. Sai ta ƙwala wa maƙwabcinsu Hollis kira ta kan shinge ta ce ya zo ya taya ta hura wuta, ko kaza ɗaya ce ta gasa. Murfin ya ce ƙiii, da ƙyar, murya a dashe. Wuta ta kama, hayaƙi ya fita ta bututu shuɗi siriri yadda ya saba, har ƙanshin tsohon kitse ya tashi. Ba ta kai ga ɗora kazar ba sai suka ji ya ce ƙaƙas, sau ɗaya. Gindinsa ya ɓurme, garwashi da tsohuwar toka suka zube a ciyawa.

Hollis ya kashe wutar da tiyo, ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya sa yatsa ƙarfen ya marmashe.

"Mama Vernice, ba wurin da walda za ta kama," in ji shi. Ya cire hularsa. "Mai iya masa ma ba ya nan."

Ta zauna a kan matakalar baranda, kazar na cikin kwano a cinyarta, ta yi kukan da ba ta yi ba a watan Disamba. Ta yi shi da ƙarfi, har matan layin suka fito. Wannan karon ba wanda ya tsaya nesa.

Marigayi ya rasu ya bar doguwar matsefatar juya nama wadda hannunta ya lanƙwashe, da tarin itacen da aka faskara ba a ƙona ba, da tsohuwar motar da ke jansa, wadda ita ma ba lafiya gare ta ba. Ya bar jikoki masu yawa, wato duk yaran da suka yi ƙiba a gindinsa suka watsu cikin duniya. Ya kuma bar Marquell Broussard. Manyan ƙungiyoyi ba su ɗauke shi ba. Ya gama karatu, yana aiki a wani rumbun ajiyar kaya a garin da ke gaba. Tun rasuwar Baba Cleo bai taka gidan ba, ba ya kuma ɗaga waya. Sai dai maƙwabta sun sha ganin motarsa ta tsaya a bakin layi, ta jima injin na aiki, sannan ta juya.

Iyalan suna roƙon masu zuwa ta'aziyya da kada a zo musu da musun ko ya kamata a buga ƙwallo a waccan shekarar. Odessa tana nan a kan bakanta cewa bai kamata ba, kuma ba za ta fasa ba. Vernice ta juya tambayar a ranta har ta gaji. Abin da kawai ta sani shi ne da an hana wasan, da mijinta ya yi ta gunaguni har bana, kuma da ta so ta ji gunagunin.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da safe. Da aka je wa Fasto da maganar, ya sosa ƙeya ya ce, "'Yar uwa Vernice, ni fa ban taɓa yi wa murhu addu'a ba." Ta ce, "To ka yi wa wanda ya ƙera shi, ai ba ka samu ka yi masa a gaban jama'a ba." Ya ce zai zo da mawaƙan coci gaba ɗaya. Za a rera duk waƙoƙin da ba a rera ba. Za a ɗora marigayi a bayan mota, a bi da shi a hankali ta filin ajiye motoci na jami'a, sannan a wuce gonar Hollis inda za a ajiye shi a ƙarƙashin itace, don Vernice ta rantse masu sayen tsohon ƙarfe ba za su sa masa guduma ba. Daga nan a dawo gida zaman makoki. Kowa ya zo da abin da ya dafa, da kujerarsa. Odessa ta ce a tsakar gida za a zauna, kuma mai tari ya yi zamansa a gida ya aiko da addu'a.

Tayoyin marigayi sun mutu, ɗaga shi za a yi, kuma nauyinsa sai mutum shida. An sami biyar. Kusurwar gaba ta wajen bututu, inda ya fi nauyi, an bar wa Marquell. Duk wanda ya san inda yake ya isar masa da wannan sanarwa. Mama Vernice ta ce a gaya masa ba wanda ke riƙe da shi a zuci a gidan nan, kuma Gwamna ba zai tashi daga tsakar gida ba sai ya zo ya sa hannu, ko da za a kai yamma ana jira.

Allah ya jiƙan wanda ya ƙera, ya sa ya huta, ya ba waɗanda aka bari haƙurin rashi.