Ranar da Kawu Ya Same Ni a Gona

Abubuwa da yawa na zamanin makaranta sun shige mini, amma ba zan taɓa manta ranar da Kawu Sale ya biyo ni Samaru, inda jami'armu take, ba. Har yau in na tuna sai in ji zufa ta karyo mini.

Likitanci na nema a jami'a. Da sunaye suka fito, na tsaya gaban allo ina bin takardu tsangaya bayan tsangaya. Likitanci babu ni, haɗa magunguna babu ni, har likitancin dabbobi na leƙa (na ce ko shanu ne a ba ni, ai likita likita ne), nan ma shiru. Can a takardar ƙarshe na tsinci sunana, wai an ba ni aikin gona.

Lokacin a Sabon Gari nake zaune wurin Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, tela ne. Tun daga ƙofar shago ya tare ni: "An samu?" Na ce an samu. Kafin in ƙara kalma ya ɗaga murya yana shaida wa maƙwabta cewa ɗan 'yar'uwarsa zai zama likita. A raina na ce ai shekara ɗaya ce, in na ci jarrabawa da kyau sai in nemi canjin kwas, ƙarya ta koma gaskiya ba wanda ya ji. Na cika fom, na yi ta sintiri daga wannan ofis zuwa wancan, aka ce ba gurbi. Shekara ta biyu ma haka.

Tun daga nan hankalina bai ƙara kwanciya ba. Na kama ɗaki a Samaru, sai ƙarshen mako nake leƙa gida, kuma da na shiga layinmu sai ka ji "Dokta, sannu da zuwa." Wannan ya nuna mini ƙurji, waccan ta ce ƙafarta ke kumbura. Amsata ɗaya ce kullum: a sha ruwa da yawa, a je asibiti. (Kar ku zage ni, ban taɓa rubuta wa kowa magani ba, tsoro ma ba zai bar ni ba.) Farar rigar da muke sawa in za mu gwada ƙasa da taki kuwa, Kawu da kansa ya karɓa ya rubuta mata sunana da zare a ƙirji. Na yi godiya na karɓa.

A shekara ta huɗu asiri ya tonu. A tsarin karatunmu shekarar gona ce, ba zaman aji, kowa a yanka masa fili ya nome da hannunsa, malami ya zagayo ya ba da maki. Su kuma 'yan likitanci a daidai lokacin suke komawa asibiti a Shika, kuma Kawu ya sani, don ya sha tambayar mutane. Ana cikin haka aka kwantar da mijin maƙwabciyarmu Maman Uche, mai sayar da garin rogo a kasuwa. Matar ta rikice, ba ta gane bayanin da ake yi mata. Kawu ya ce ta kwantar da hankali, muna da namu a ciki. Suka hau bas har Shika, suka yi ta cigiyata, ba wanda ya san ni. Suka juyo Samaru. Abokin zamana, bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya rako su har bakin gonar makaranta.

Ina duƙe cikin masara, wando naɗe, takalmin roba a ƙafa, takin shanu har gwiwar hannu, sai na ji an ce, "Dokta?" Na ɗago. Maman Uche ce rungume da takardun asibiti, Kawu a gefenta cikin babbar rigarsa ta Juma'a. 'Yan ajinmu suka daina aiki, malaminmu ya matso.

Kawu ya ce, "Me kake yi a nan?"

"Karatu, Kawu."

"Karatun me?"

"Aikin gona."

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne da Maman Uche ta miƙo takardun a hankali ta ce, "To yanzu wa zai karanta mini wannan?" Ba ta ko yi fushi ba, tsoro ne kawai a fuskarta.

Kawu bai zage ni ba. Ya tsaya yana kallon filina, ciyawa ta kusa kamo masara, layuka duk a karkace. Ya ce, "Maganar ƙarya sai mun je gida. Amma shekara huɗu ana koya maka noma, ko riƙon fartanya ba ka iya ba? Ba ni nan." Ya tuɓe babbar riga ya rataya mini a kafaɗa, ya duƙa, kafin ka ce me ya nome layi biyu tas. Malaminmu ya ce, "Baba, ai kai ya kamata in ba makin nan." Aji ya kwashe da dariya, ni kuma ina tsaye riƙe da riga.

Na wanke hannu na raka Maman Uche Shika, na nemo wani abokina na sakandare wanda shi likitancin gaske yake karantawa, ya zauna ya yi mata bayani. Mijinta ya warke, alhamdu lillahi. Kawu kuwa wata biyu ina gaishe shi yana amsa wa keken ɗinki.

Yau da nake koyarwa, in ɗalibi ya zo mini da kukan ba a ba shi kwas ɗin da ya nema ba, nakan ce ya je gida ya faɗi gaskiya a ranar, kafin a yi masa shela. In kuma ya ƙi ji ya ɓoye, to don Allah ya dage ya iya wanda aka ba shi. Ni an kama ni ba likita ba, aka duba kuma ba manomi ba.