Wa Zai Kai Min Dami Gida?

Ba zan taɓa mantawa da kakar bara ba, kuma ko ni na so mantawa, yaran Kademi ba za su bar ni ba. Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Autata ce ke riƙe da biro, ni nawa baki. (Auta, abin da na faɗa za ki sa, ban da gyara.)

Malam, mai gidana, ya rasu 'yan shekarun baya, ana gab da yanke gero. Shi ya yi shuka, shi ya yi noma da maimai, amma ko tumu ɗaya bai ci ba. Tun daga nan, duk sanda na ji ƙanshin sabon gero sai hawaye. Ba na ɓoyewa. Na yi kuka a gidan suna, na yi a bakin rijiya, na taɓa yi a wurin niƙa har mai injin ya kashe inji ya zo yana ba ni haƙuri. Duk garin nan an san ni da kukan Malam, kuma gaskiya ina so a san ni da shi. Bayan addu'a, shi ne abin da ya rage da zan yi masa.

Ina cikin wannan hali sai ga Malama Binta, mai koyar da 'yan aji huɗu a firamaren garinmu, ta yi sallama ta durƙusa.

"Iya, alfarma na zo nema. A darasinmu na soshiyal mun zo kan bukukuwan gargajiya."

"Soshi me, 'yar nan?"

"Darasin zaman jama'a ne, Iya. Littafin sai ba su labarin bukukuwan wasu garuruwa yake, alhali yaran nan ko kalankuwa ba su sani ba. An ce min a zamaninku ke ce zabiyar dandali."

Kalankuwa, ga wanda bai riske ta ba, wasa ne da samari da 'yan mata ke yi idan an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu. A dafa abinci, a kira makaɗa, maza su yi kokawa, mu kuma mu yi gaɗa. Na ce mata, "Haba Malama, ni da nake fama da kaina?" Na share hawaye. Amma tana fita na buɗe adaka na ciro atamfata ta fita kunya, na shanya ta sha iska.

Ranar da aka sa, na tarar an jera yara a gindin darbejiya. Malama ta yi ƙoƙari: ga lauje, ga faifai, ga ƙwarya cike da wake, ga gyaɗa da ƙasarta. Hedimasta na zaune a kujera. A kan benci kuma ga Baba Tanko, tsohon manomin da aka gayyato ya yi bayanin aikin maza. Matarsa ta daɗe da rasuwa, kuma kunnensa ba ya ji, sai abin da ya ga dama. Ya zo da damin gero guda don nuna wa yara yadda ake ɗauri, ya ɗora shi a cinya kamar jariri.

Da farko a sanyaye na fara. Na ba su labarin gayya, yadda ake taruwa a gonar mutum ɗaya a gama masa aiki, gobe a koma ta wani. Na gaya musu ba a taɓa sabon hatsi sai an fitar da zakka an ba mabuƙata. Malama tana ta gyaɗa kai tana cewa, "Kun ji ko? Wannan shi ne taimakon juna." Wani ɗan ƙaramin yaro mai manyan kunnuwa ya ɗaga hannu ya ce, "Iya, to a ina kuke cajin waya?" Na ce a bakin uwarka. Aka kwashe da dariya, har hedimasta. Daga nan fa kaina ya fara kumbura. Na daɗe ban sa mutane dariya ba, ashe ina kewar abin.

Sai wata yarinya ta ce, "Iya, yi mana waƙar."

Da ina da hankali da na ce murya ta tafi. Ina! Na miƙe, na ɗaure gyale a ƙugu, na jera 'yan matan suka yi da'ira, na koya musu tafi. Waƙar ba wuya. Ta tsakiya za ta ce, "An yanke gero, an ɗaure dami, wa zai kai min dami gida?" Sauran su amsa, "Wa zai kai?" Sai ta faɗi sunan saurayin da take so, su kuma su ɗauka su yi ta maimaitawa har ya ji daga inda yake tsaye.

To ga inda matsalar take. A wannan waƙar na faɗi sunan Malam ina budurwa, da ita ya san ina son sa. Kuma tun ranar da aka kai ni ɗakinsa sunan nan bai sake fita daga bakina ba. Mu haka muka taso, mace ba ta faɗin sunan mijinta. Ko yaron maƙwabta da ya ci sunan, "mai sunan Malam" nake ce masa. Duk wannan na sani, amma ƙafata na rawa, gwiwar da ke hana ni barci ta warke tas, ban tuna inda waƙar za ta kai ni ba.

"Wa zai kai min dami gida?"

"Wa zai kai?"

Sunan ya taso har maƙogwaro, ya tsaya cak. Tafi na tafiya, yara sun zuba min ido, ita kuwa waƙa ba ta jira. Na waiga neman ceto, idona ya sauka kan mutum riƙe da dami.

"Tanko zai kai!"

(Auta, in kin gama dariyar sai mu ci gaba.)

Yaran nan suka ɗauka kamar dama jira suke. "Tanko ya kai! Tanko ya kai!" Har 'yan sauran azuzuwa suka leƙo ta taga. Malama ta toshe baki da littafi, kafaɗunta na rawa. Hedimasta ya sunkuya wai yana gyara takalmi. Shi kuwa mutumin da ake yi wa ihu a kunne kafin ya amsa sallama, ranar ras ya ji. Ya gyara hula, ya miƙe, ya saɓa dami a ka, ya ce, "To, Hajiya, bismilla. Ai ba nauyi."

Ni ko Makka ban je ba, amma ranar na zama Hajiya.

Haka muka ratsa gari. Ni a gaba na ja gyale na rufe fuska, shi a baya da dami, bayansa kuma rabin makaranta na tafi suna waƙa. Mata suna leƙowa ta kan katanga. Ya sauke damin a zaurenmu, a daidai inda Malam ke shimfiɗa buzunsa.

Dariyar ba ta dame ni ba sosai, ni ma da na shiga ɗaki na tuna yadda ya gyara hular nan sai da na dara. Abin da ya soke ni shi ne maganar da wata ta yar a bakin rijiya: "Ashe kukan nan na neman mai ɗaukar dami ne." Kafin mako ya zagayo kuma sai ga ƙanwar Baba Tanko da ƙullin goro, tana ta kewaye-kewaye, wai yayanta ya ce ɗakinsa na kudu ba ya yoyo.

Na mayar da goron da girmamawa. Amma na san mayar da goro ba zai wanke Malam ba. A bakin yara abin ya lalace, a bakinsu zan gyara. Na koma makarantar na ce wa Malama darasin nan da kuskure a ciki.

Aka sake da'ira. Wannan karon ba rawa, a tsaye kawai nake. Suka ce, "Wa zai kai?" Na rufe ido na faɗi sunansa, da ƙarfi, yadda na faɗe shi ina yarinya. Sai kuka ya ƙwace min. Can wata yarinya ta fara amsawa a hankali, sauran suka bi ta, suna ta kiran sunan mijina a gindin bishiya, ni ina tsaye ina sharɓe. Malama ma sai da ta goge ido, sannan ta yi musu bayanin kunyar suna, ta ce wannan ma soshiyal ne.

Da a ce nan maganar ta ƙare da na ji daɗi. Amma yara sun ce sunan farkon ya fi zama a kan tafi, kuma har yau in na wuce shi nake ji a lungu.

Abin da na koya a tsufana shi ne, kafin ki tayar da waƙar ƙuruciya a gaban jama'a, ki fara rera ta a ɗaki har ƙarshe, ki ji inda za ta ajiye ki. Sannan ki duba wa ke zaune a benci.

(A'a, Auta, ɗaga biron. Ba za ki rubuta sunan ba. Ki sa Malam.)