Ranar Da Ƙunshin Surukata Ya Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a gidan surukaina da ke Kurmin Mashi ba. Ko na so mantawa, ƙannen matata ba za su bari ba.

Watanmu huɗu da aure lokacin, ina ta fafutukar a ɗauke ni mutum mai nutsuwa a gidan. Ana saura kwana biyu bikin ƙanwar matata Rabi, na je ɗauko ta bayan la'asar. Na tarar da ita da ƙannenta mata uku a falo, an saki labule, suna kallon fim ɗin zombi, irin wanda gawarwaki ke tashi suna bin mutane da cizo. Sai ihu suke suna rufe ido.

Maimakon in gaisa in ja bakina, sai malanta ta motsa (malamin sakandare ne ni, ba na ganin mutum uku a zaune ban buɗe aji ba).

"Ku daina ihun nan," na ce. "Gawarwakin ba su ne abin tsoro ba. Ku dubi wancan da ya rufe ƙofa ya bar maƙwabcinsa a waje. Da shi fim ɗin yake. Son kai ke cinye al'umma, ba cizo ba."

Suka yi ta gyaɗa kai. Rabi ta kalle ni tana murmushi, kaina ya fasu. Na shiga haƙƙin maƙwabtaka, na gangaro zumunci.

Ina tsaka da haka labulen ɗakin ciki ya motsa. Wata halitta ta fito, fuska rawaya a bushe, hannaye miƙe a gaba, tana jan ƙafa tana "mmm, mmm."

Wallahi ban san lokacin da na tsallake tebur ba. Na faɗa kicin, na banko ƙofa, na danna sakata. Rabi ta biyo ni a ruɗe tana bugawa: "Malam, buɗe mana!" Ni kuwa, Allah ya yafe mini, sai na ƙara danne ƙofar da kafaɗa.

Can na ji dariya ta ɓarke a falo. Ashe Hajiya ce, surukata. Ƙunshin biki aka yi mata, hannu da ƙafa duk an ɗaure da leda, an shafe fuskarta da kurkur ya bushe har baki ba ya buɗuwa. Muryata ta ji, ta lallaɓo mu gaisa.

Da ƙyar na fito na durƙusa. Sai da aka wanke mata fuska ta ce, "Sannu, Malam. Ni ban ji haushi ba. Amma 'yar da na ba ka amana, ita ka bari a waje?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Sati guda Rabi na tuna mini cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Yanzu kafin in yi wa kowa wa'azin jarumta, sai na fara shawara da ƙafafuna. Na gano su ba sa sauraron lacca.