Furen Roba a Kabarin Warsini

Jiya, jajibirin azumi, jirgin ƙasa ya mayar da ni ɓarawo. Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da 'ya'yan mutane tarihi, ko guntun alli ban taɓa kaiwa gida ba. Sai da na yi furfura sannan na miƙa hannu ga kayan Mai Girma. Ku ji yadda aka yi, sannan ku yanke mini hukunci.

Kun san a nan Jakarta ba a shiga azumi ba a je maƙabarta an gaida waɗanda suka riga mu ba. A cire ciyawa, a yi addu'a, a watsa fure. Mutane a ƙofar maƙabarta suke sayen nasu, ni kuwa ba na saye. Matata Warsini ta bar mini bishiyar yasmin a bayan ɗakin girki, da hannunta ta dasa, kuma tun da ta rasu furen nan nake kai mata. Bana bishiyar ta yi rowa, abin da na tsinka da ƙyar ya cika tafin hannu. Na naɗe a ganyen ayaba na rungume a ƙirji.

Maƙabartar tana can ɗaya gefen birni, da magariba ake rufe ƙofa. A da jirgi ɗaya ne, ka yi gyangyaɗi ka farka a can. Sai masana suka zauna a ɗaki mai sanyi suka gyara mana tafiya. Yanzu kowane jirgi sai ya juye mutanensa a babbar tasha guda, su sauka, su hau, su sake sauka, su nemi wani. An ce haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Na yarda. Ban dai sani ba ko a can ma da gwiwoyi irin namu ake yi.

Maƙwabcina Bang Rojali, tsohon kwandastan bas, shi ya raka ni, don mahaifiyarsa ma can take. A tarago ya dubi yadda na ƙanƙame ƙunshin, ya kira ni yadda kowa ke kirana, Pak Guru, wato Malam.

"Pak Guru, ɗaga shi sama. Mutanen nan ko jariri ne sai sun mayar da shi kunu."

"Da wane hannu? Na daman yana hammatar wani bawan Allah tun tashar da ta wuce."

"Ka bar masa, ka karɓa in an sauka. Ni ƙafata ta hagu ban san wa ke amfani da ita ba."

Kada a ce na ce manyanmu ba sa aiki, Allah ya tsare bakina. Sun haƙa mana jirgin ƙarƙashin ƙasa, sanyi kamar firji, sheƙi kamar haƙorin makka. Yana tashi daga inda masu kuɗi ke aiki, ya tsaya inda suke cin abinci. Mu da Jakarta ta tofar bayan gari, namu shi ne wannan: ba ka shiga, shigar da kai ake yi, ba ka fita, fitar da kai ake yi.

Muna isa babbar tasha sai lasifika ta hau ba mu haƙuri da muryar nan mai zaƙi. Wai Mai Girma Sarkin Almakashi, gwanin yanka ƙyallen buɗe ayyuka, zai zo buɗe gadar da ta haɗa jirginmu da na masu sanyi, tare da matakalar lantarki. Ni matakalar nan tsohuwar sani ce, na halarci buɗe ta a zamanin wani Mai Girman. Ranar biki take aiki, sauran kwanaki tana hutawa a ƙarƙashin tamfol. Jiya ga ta an goge ta, an ɗaura mata jan ƙyalle, tana ta hawa ita kaɗai ba kowa a kai.

Bang Rojali ya tari mai gadin matakalar.

"Mas, ɗan'uwa, dubi dattijon nan. Bar mu mu hau."

"Ba a buɗe ba, Pak."

"Ba ga shi tana tafiya ba?"

"Gwaji ne, Pak."

"To a gwada da mu mana! In ta kayar da mu, ka ga kun ceci Mai Girma."

"Umarni ne, Pak," in ji shi, idonsa na can wani wuri.

Aka tura mutanen jirgi biyu matakala ɗaya ta ƙafa. Ban san gwiwar hannun wa ba ce, ba na kuma zarginsa, shi ma turo shi aka yi. Na dai ji ganyen ya fashe a ƙirjina. Na so in sunkuya, amma a wurin nan wanda ya sunkuya sai dai a ɗauke shi. Ina kallo takalma suka bi ta kai. Ƙamshi ya tashi ya cika matakalar, har wata mata a bayana ta ce, "Kai, yau har turare suka fesa mana?"

Na karanta faɗuwar dauloli da yawa, na koyar da su ina shan shayi. Ban taɓa jin abin da na ji a saman matakalar nan ba, riƙe da yagaggen ganye.

Da muka fito sarari sai ga allunan fure na taya murna, jere tun daga bakin gada har titi, kowanne ya fi ƙofar gidana girma. Murna da fatan nasara daga 'yan kwangila, daga masu neman kwangila, daga waɗanda aka hana kwangila suna sa rai. Bang Rojali ya dubi allunan, ya dubi hannuna.

"Pak Guru, zan tsaya in yi tari. Tarina yana daɗewa, kuma bayana yana da faɗi."

Ya tsaya ya yi. Na cizge jajayen furanni guda uku daga allon ƙarshe na cusa a riga. Sai da muka shiga jirgi na biyu na lalubo su. Roba ce, an soke ta da waya. Bang Rojali ya yi dariya har hawaye.

"Satarka ta farko a duniya, ka sato roba!"

Jirgin ya tsaya a hanya ya ba wa wani jirgin hanya, lasifika ta sake ba mu haƙuri. Da muka isa rana ta yi ja, masu fure sun sayar sun tafi, Pak Amsir mai kula da maƙabarta yana jan ƙofa. Ya gan ni ya sassauta, ya biyo mu da makulli a hannu.

Na cire ciyawar, na yi addu'a. Na ce mata, "Bu, uwargida, furenki na can babbar tasha, jama'a sun gode. Wannan kuma daga manya ne." Da tana da rai, da ta ce in cire mata shara daga kai. Na jima a tsugune kafin na iya soka su a ƙasa.

Pak Amsir ya sunkuya ya ciri ɗaya, ya jujjuya.

"Pak Guru, a ina ka samo wannan?"

Na faɗa masa gaskiya, azumi na ƙofa.

"Ai na gane su. Shekaranjiya allunan nan suna nan, jana'izar wani mai masana'antar taliya. Haya ake ba da su. Da yamma mota ta zo ta kwashe, a cire 'muna ta'aziyya' a manna 'muna murna'. Jibi in wani babba ya mutu za ka gan su sun dawo." Ya mayar da furen inda yake, ya danna da yatsa. "Bar su. Ba sata ka yi ba, gida ka kawo su."

Don haka ina miƙa gaisuwa ga Mai Girma, wanda aka taya murna da furen mamaci yana ta murmushi ga masu hoto. An sha cewa manyanmu almubazzarai ne, to ga shaida sun fara tattali. Shawarata ɗaya ce, ta ƙara rage kashe kuɗi: in an ɗauko allunan daga maƙabarta za a kai tasharmu, a daina wahalar sauya rubutun.