Rasuwar Uwar Zance, Rediyon Malam Ari Mai Wankin Hula

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har ta daina jin nauyinsa, gidan Malam Ari mai wankin hula da ke unguwar Sheshe, cikin birnin Kano, yana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da masu kawo wanki rasuwar 'yar rediyonsa mai cin memori, wadda aka fi sani da Uwar Zance. Ta rasu ranar Talatar da ta wuce, tsakanin azahar da la'asar, a cikin bahon sitaci.

Wanda ya san marigayiya ya san mai ita. Mutanen Sheshe suna cewa da aka zo rabon magana a gidan nan, rediyo ce ta kwashe duka, aka bar wa Malam Ari amsa sallama. Masu kawo hula sun ce sai ka yi shekara kana zuwa ba ka ji komai daga bakinsa ba sai ranar da za ka dawo karɓa. Dattawa suna tuna cewa kakanninsa daga Borno suka zo tun zamanin fatauci, suka zauna har Barbarci ya ƙare a bakin jikoki, ya rage a sunaye da gaisuwa. Matarsa Hassana kuwa ta ce ba ta san ra'ayinsa a kan duniya ba sai da rediyon ta shigo gidan: inda ya tsayar da buroshi ana cikin labari, nan abin ya taɓa shi. Sai da furfura ta fara fito masa ya shiga ajin yaƙi da jahilci. Yana karatu, amma da yatsa a ƙarƙashin layi, ga shi kullum hannunsa a jiƙe, takarda kuma ba ta shiri da ruwa. Marigayiya ce ta ɗauke masa wannan nauyi.

An samo ta a Ƙofar Wambai, a shagon Maharazu mai gyaran rediyo da tura littattafai a memori, shekarar da aka fara jin tashin bam a Kano aka sa dokar hana fita. Lokacin nan kowa yana rufe ƙofa da sauran rana, duk tashar da ka murɗa lissafin gawa ake yi. Malam Ari ya ce shi rediyon da ba ta labarai yake nema. Maharazu ya yi dariya, ya ce babu irin ta a kasuwa, amma in bai zare mata eriya ba, ba za ta dame shi ba. Har ta koma ga ƙasa ba a taɓa zare mata eriya ba.

Shaidar da za a yi mata mai kyau ce. Ba ta taɓa gajiya da maimaita babi ba. Ba ta taɓa tambayar mutum me ya sa ya yi shiru ba. In aka kunna ta, sai wata mata ta yi gaisuwa da wani Turanci da ba a taɓa samun wanda ya gane shi ba a unguwar, sannan a ji ƙit, sannan mai karatu ya gyara murya ya ce, "To, masu sauraro, mu ɗora daga inda muka tsaya." Akwai mai karatun da zakara yake cara a bayansa, akwai wanda ake jin yana lasar yatsa kafin ya juya shafi, akwai wani ƙato da yake ƙanƙance murya in ya zo maganar budurwa. Duk ta ɗauke su ba ta nuna bambanci ba. Da murfin batirinta ya karye, da robar ɗaure kaya aka riƙe ta, ba ta yi ƙorafi ba.

A zaman da suka yi, tana kan bulo shi yana kan baho, sun yanke hukunci a kan littattafai iri-iri, kuma ya dace a faɗe shi tunda ɗayansu ta tafi.

Littattafan yaƙi, na takubba da sarakunan da ba a san ƙasarsu ba, su ya fara so. Dalilinsa shi ne a cikinsu maƙiyi yana tsayawa a fili ya faɗi sunansa da na ubansa kafin ya kai sara. Aibinsu a wajensa, jarumi yana kashe dubu kafin azahar amma ba a taɓa cewa ga wanda ya wanke su, ga wanda ya haƙa musu rami ba. Birni ya ƙone a wannan babi, a na gaba an gina shi da jimla ɗaya. Bayan harin wata Juma'a da duk mutumin Kano ya sani, ya rage jin su.

Na aljanu ba su taɓa ba shi tsoro ba, hutu ma yake samu a cikinsu. Aljani yana da doka: kada ka zubar da ruwan zafi da magariba, kada ka taka masa 'ya'ya, sai ya bar ka ka wuce. Abin da kawai ya hana su cika, masu karanta su suna sa wa murya amo kamar mai magana a cikin randa, har sai an rasa me aljanin yake so.

Na binciken kisa kuwa, tun babin farko yake gane mai laifi, don kullum shi ne wanda ya fi kowa iya gaisuwa. Yana dai jin su har ƙarshe saboda mai binciken, wanda yake tambaya kafin ya kama mutum, kuma ba ya tambayar daga ina kakanka ya zo. Mutumin da ake ce wa Ari, suna irin na Borno, wanda ya sha tsayuwa a shingen bincike hannu a sama, ya fi ɗaukar wannan a matsayin tatsuniya fiye da na aljanun.

Na barkwanci bai cika so ba. Mai karatu yana riga shi dariya.

Saura na soyayya da na zaman gida. Waɗannan ya ce an cika su da kwatancen mota da labule da kalar ido, a yi babi uku ba a gama sallama ba. Amfaninsu ga mai sana'a, kana iya tashi ka yi salla ka dawo ka tarar har yanzu yarinyar fushi take yi. Ya ɗauke su kamar kunu: ba sa ƙosarwa, amma ba wanda suka taɓa shaƙewa. Kuma duk wanda ya ɓata a cikinsu yana dawowa, galibi a mota.

A kan wannan fahimta ake har yayarsa, Ya Kaltume, ta iso. A gidan nan aka haife ta, aure ya kai ta wani gari bayan Bama, can Borno, tun Malam Ari bai fara gemu ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ta sauka da zane ɗaya da takalmin da ba nata ba. Ɗanta Babagana, shi kaɗai gare ta, tare suka fito gudu ranar da aka kai wa garin hari, ya juya ya ɗauko wani tsoho maƙwabcinsu, daga nan ba wanda ya sake ganinsa. Iyakar abin da aka sani ke nan, shi ma daga bakin direban da ya kawo ta.

Ba gawa, ba labari, saboda haka ba zaman makoki. Maƙwabta suka riƙa zuwa suna tsayawa a bakin ƙofa, sun rasa ko jiƙai za su roƙa masa ko bayyana, sai su ce sannu da hanya su juya. Ya Kaltume ta samu wuri a tsakar gida kusa da baho, tana jera huluna a kan itatuwansu a rana. Malam Ari bai tambaye ta komai ba. Abin da ya yi, ya tafi wajen Maharazu ya sa aka goge na yaƙi da na aljanu da na kisa, aka cika memori da na soyayya da na zaman gida, ya dawo ya juya fuskar rediyon wajenta. Haka aka yi watanni. Marigayiya tana magana tun hantsi har magariba, su biyun suna aiki.

Kwanan baya Ya Kaltume ta gaya wa Hassana cewa za ta koma. Ta ji an ce motoci sun fara bin hanyar, za ta bi gari-gari tana tambaya. Hassana ta ce hanyar da sojoji ma suke bi da rakiya? Ya Kaltume ta ce ita zaman ne ya fi hanyar wuya. Ta ɗaure ƙullinta ta ajiye a kan tabarma. Malam Ari yana jin su daga bakin baho. Ya ƙara wa rediyo murya.

Ciwon ajalin marigayiya gajere ne. Akwai wani littafi da Malam Ari ya taɓa ji har ƙarshe, na wata mata da ɗanta ya ɓace a tashar mota. Ya san ƙarshensa mai daɗi ne, shi ya sa ya zaɓe shi, yana ganin ko zai sanyaya wa Ya Kaltume rai ta fasa tafiyar. Sun bi shi babi-babi. Ranar Talata aka zo na ƙarshe. Matar cikin labarin tana tankaɗe, aka buga ƙofa. Kalaman marigayiya na ƙarshe a duniya su ne:

"Inna, ni ne. Buɗe."

Ya Kaltume ta ajiye hular da ke hannunta. Ta goge hannu a zane. Ta ɗauki rediyon da hannu biyu kamar mai ɗaukar jariri, ta sa ta a bahon sitaci, ta danne har kumfa ya daina tasowa. Sannan ta koma ta ci gaba da jera huluna. Malam Ari ya ƙarasa goge hular da ya fara.

An yi mata iya abin da ake yi. An binne ta a buhun shinkafa, an shanya ta a kan rufi, daga ƙarshe aka kai ta Ƙofar Wambai. Maharazu ya kwance ta ya tarar sitaci ya bushe a cikinta, ta sandare kamar hular Sallah. Ya tsokani mai ita da cewa ko a lahira ba za ta lanƙwashe ba. Da ya ga Malam Ari bai yi dariya ba, sai ya mayar da murfin, ya miƙa masa da hannu biyu, ya ce sai haƙuri, Allah ya ba da dangana. Malam Ari ya daɗe a tsaye a bakin shagon. Tun da yayarsa ta zo, ba a taɓa faɗa wa wani ɗan gidansu wannan kalma ba, sai yau, a kan roba da waya.

Marigayiya ta bar memori ɗaya, wanda ya fita da ransa. Ta bar caja, da batir mai kumburi, da robar da ta riƙe ta. Ta bar Hassana, wadda ba za ta taɓa sanin ko wata Bilkisu ta cikin littafi ta haƙura ta koma ɗakinta ba. Ta bar maƙwabciya Ladi ta bayan katanga, wadda sai yanzu aka gane ta daɗe tana sauraro kyauta, don ita ta fara aiko tambayar lafiya da ta ji shiru. Iyalai suna roƙon kada wanda ya tambayi yadda aka yi ta shiga bahon.

Game da jana'iza, an tuntuɓi liman. Ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, amma ba wanda ya hana mutane su taru su yi wa gida addu'a. Saboda haka za a naɗe ta a wata hula zanna da mai ita ya kawo wanki tun farkon rikicin bai dawo karɓa ba, a rufe ta a gindin lemon tsakar gida gobe Asabar bayan sallar asuba. Za a zauna karɓar gaisuwa kwana uku kamar yadda aka saba. Maza a zaure, wajen Malam Ari. Mata su wuce ciki, ɗakin Ya Kaltume, ita ce za ta karɓa. Duk wanda ya zo ya faɗi abin da ake faɗa a gidan rasuwa, cikakke, ba sai ya ambaci suna ba. Kada a kawo sabuwar rediyo. Kada kuma a kawo labarin ɗan wane da ya ɓace ya dawo.

Masu tambayar tafiyar Ya Kaltume, an ɗaga, ba a sa rana ba. Jiya da hantsi Malam Ari ya je ƙofar ɗakinta don ya sanar da ita zaman karɓar gaisuwar, abin da bai taɓa yi ba tun zuwanta. Ta ɗauka maganar rediyo ce ta kawo shi, ta riga shi da cewa in haƙuri ya zo nema a wajenta, ba ta da shi. Bai tafi ba. Ta dube shi, ta janye ƙullin daga kan tabarma, ya zauna. Hassana da ke tsakar gida ta ji shi, Ladi ma ta ji ta bayan katanga, don da ƙarfi ya faɗa:

"Ya Kaltume, ni zan ba ki haƙuri. Kin zo da magana a bakinki, na yi ta kunna miki ta wasu. Ki yafe mini. Gaya mini yadda kuka rabu da Babagana, ina jin ki."